Yadda ake tantance ruwan da ya cancanci sha a birnin Kano

Duk wanda ya yi karatun zaure a Kano ya san siffofi uku da malaman fiƙihu suke duba ruwa da su kafin a yi alwala ko wanka, wato launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma ya san cewa idan najasa ta canja ɗaya daga cikinsu to ruwan ya fita daga hukuncin mai tsarkakewa. An kafa wannan ma'auni ne domin ibada, kuma ya wadatar a inda aka ajiye shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinmu mun ɗauko shi mun kawo bakin randa, muna yanke hukuncin abin da za mu sha da shi, ta yadda in ruwa ya yi garau, ba ya wari, ba shi da gartsi, shi ke nan ya samu karɓuwa. Alhali ƙwayar kwalara ba ta canja launin ruwa, ta taifot ba ta da wari, dalma da sinadarin naitiret kuma suna narkewa a cikin ruwa mai sanyi da daɗin sha ba tare da harshe ya ji komai ba. Akan samu akasin haka ma, domin ruwan burtsatsen da ke barin jan tabo a bokiti saboda yawan ƙarfe yana da muni a ido, amma sau da yawa bai kai wani ruwan mai haske haɗari ba.

Cutarwar gurɓataccen ruwa iri biyu ce, kuma hanyar gano kowacce daban take. Akwai mai gaggawa, wadda ƙwayoyin cuta daga bayan gidan mutum ko na dabba suke haddasawa, kamar amai da gudawa da taifot da atuni da wani nau'in ciwon hanta mai sa shawara. Wannan takan bayyana cikin kwanaki ko 'yan makonni, wani lokaci cikin sa'o'i, kuma takan kama gida guda ko layi guda a tare. A shekarar 2021 kaɗai an samu rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da annobar ta fi yi wa ɓarna. Akwai kuma mai zuwa a hankali, wadda sinadarai ke haddasawa bayan an shafe shekaru ana sha, ta taɓa ƙoda ko ƙashi ko ƙwaƙwalwar yaro, ta yadda lokacin da ciwon zai fito babu wanda zai tuna da rijiyar gida. Saboda haka tambayar da aka saba yi a majalisa, cewa tsakanin famfo da burtsatse da ruwan leda wanne ya fi, ba ta da amsa guda ɗaya. Abin da ya kamata a bincika shi ne hanyar da ruwan ya biyo tun daga tushensa har zuwa moɗar da aka sha da ita, da kuma ranar da aka auna shi.

Ruwan famfo shi ne ya fi kowane samun kulawa a tushensa. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa na farko a Challawa, ana tura ruwan zuwa tankunan da ke kan Goron Dutse domin ya gangaro cikin gari. Daga baya aka ƙara matatun Tamburawa da Watari, kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ke Ƙaraye da aka kammala a 1992 su ne suke riƙe ruwan da ke gudana a kogunan da matatun Challawa da Tamburawa ke ɗiba har cikin rani. Sabuwar matatar Tamburawa an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75, kodayake abin da ke isa gidaje ya dogara ne ga wutar lantarki da lafiyar injuna da bututu. Aikin matata sananne ne: a zuba alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, a daidaita tsaminsa, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Idan an yi waɗannan yadda ya kamata, ruwan da ke fita daga matata abin sha ne.

Rauninsa yana cikin bututu. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi dare da rana, ko ya tsage, waje yake feso ruwa, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Amma a garin da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, bututun yakan zama fanko, kuma a lokacin da ruwa ke janyewa yakan zuƙo duk abin da ke kewaye da tsagar. Mai tafiya a lungunan cikin gari ko na Fagge zai ga siraran bututun roba biyar ko shida sun bi ta cikin kwata a jere, wani an ɗaure inda ya fashe da tsinken robar taya, baƙin ruwan kwatar yana gudana a kansa. Ranar da aka kawo ruwa, abin da ya taru a cikin wannan bututu shi ne zai fara fitowa a famfon gida, kuma shi ne ake rububin tara wa bokitai saboda tsoron kada a ɗauke. Masu sa injin zuƙo ruwa kai tsaye daga bututun gwamnati suna ƙara dagula lamarin, domin suna rage ƙarfin ruwan a layin gaba ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta auna ruwan famfo ita ce a duba ko akwai sauran kulorin a cikinsa. Ana jefa wata 'yar ƙwayar gwaji a cikin ruwan, in ya koma ruwan hoda akwai kulorin, kuma zurfin launin yana nuna yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ke fita, a lokacin annoba kuma a ɗaga shi zuwa 0.5. Mutane sukan yi ƙorafin cewa ruwan famfo yana warin magani, amma wannan ɗan warin shi ne shaidar cewa ruwan yana da sauran abin kare kansa. Famfon da ke ƙarshen layi, wanda ruwansa ba ya nuna ko alamar kulorin, shi ne abin tuhuma.

Akwai kuma batun abin da ke shiga kogi kafin a ɗiba. Kano gari ne na masana'antu, kuma unguwannin masana'antunta uku, Bompai da Sharaɗa da Challawa, kowacce tana da rafin da take zubar da ruwanta. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso dattin cikin gari, su nufi madatsar Wasai. Majemar gargajiya da bagaruwa take aiki, amma kamfanonin jima na zamani da gishirin kuromiyom suke jeme fata, marina na zamani kuma suna amfani da soda da launukan kanti. Matatar ruwa irin tamu an gina ta ne domin cire laka da kashe ƙwayoyin cuta, ba kowane narkakken sinadari take iya kamawa ba. Shi ya sa auna ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da dalma da kadmiyom a ruwan da ke shiga matata da wanda ke fita ya zama wajibi, musamman da rani lokacin da ruwan kogi ya ragu, dattin masana'antu kuwa bai ragu ba. Rijiyoyin da ke gefen waɗannan rafuka sun fi kowa shiga haɗari, tunda su babu matatar da ke tsakaninsu da rafin.

Sai ruwan ƙasa, wanda a yau shi ne yake ɗauke da galibin gidajen birni, kuma shi ne aka fi yi wa kyakkyawan zato ba tare da hujja ba. Ƙarƙashin Kano dutse ne mai tauri, ruwa kuma yana zaune ne a wurare biyu, cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Rijiyar gida daga na saman take sha, wanda shi ne dai wurin da masai da sokawe da kududdufi da bola suke tsiyaya. Ƙasa tana tace ruwa, amma tana bukatar tazara da lokaci, shi ya sa masana suke cewa a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma kada rijiyar ta kasance a gangaren masan. A gwada wannan ƙa'ida da fulotin ƙafa 50 da 100, wanda tsawonsa gaba ɗaya kimanin mita 30 ɗin ne kawai, balle gidajen awon igiya da aka yanka ƙanana. Maigida yana iya haƙa rijiyarsa a kusurwar da ta fi nisa da banɗakinsa, ya ɗauka ya yi dabara, bai san cewa bayan katangar nan, taku uku kacal, ramin masan maƙwabcinsa yake ba. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ruwan ƙasa yakan taso har ya haɗu da gindin ramukan masai, kuma a wannan lokaci ne gudawa ke yawaita a unguwanni.

Sauran lahanin rijiya a fili yake: bakin da ba a ɗaga ba, murfin da ya ruɓe, daɓen da ya tsage ruwan wanke-wanke yana komawa ciki, da guga da igiyar da ake yasarwa a ƙasa inda kaji da awaki suke yawo sannan a sake jefa su.

Burtsatse ta fi rijiya kariya idan an gina ta daidai, kuma wannan sharaɗi shi ne ake yawan tsallakewa. Abin da ke hana ruwan sama-sama gangarawa cikin burtsatse shi ne simintin da ake ɗurawa a tsakanin bututu da bangon rami daga sama zuwa wasu mitoci ƙasa. Mai haƙa da ke son rage kuɗi, ko maigidan da ya matsa a rage masa, sukan cike wurin da ƙasa da tsakuwa kawai, sai ramin da kansa ya zama hanyar da ƙazanta ke bi ta sauka. Zurfi ma ba ya ba da tabbaci, domin ruwan da ke bin tsagar dutse yana tafiya da sauri ba tare da ya tacu ba, yana iya ɗauko abin da ya shiga daga nesa. Bayan haka dutsen kansa yana iya sakin abin da ke cikinsa. Abin da ya faru a Bangaladash ya isa misali: tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa domin raba mutane da ruwan tafki mai sa gudawa, sai a shekarun 1990 aka gano cewa da yawansu suna ɗauke da gubar asenik daga cikin ƙasa, bayan mutane sun shafe shekaru suna sha. Ƙasarmu da tasu ba iri ɗaya ba ce, amma dalilin da ya sa abin ya daɗe a ɓoye shi ne babu wanda ya auna, saboda ruwan garau yake.

A birni mai cunkoso irin Kano, sinadarin da ya fi dacewa a sa wa ido a ruwan ƙasa shi ne naitiret, domin daga masai da bola da takin zamani yake fitowa, kuma ƙasa ba ta riƙe shi kamar yadda take riƙe ƙwayoyin cuta. Iyakarsa miligiram 50 ne a lita. Babba yana iya shan abin da ya haura haka bai ji komai ba, amma jaririn da bai kai wata shida ba, wanda ake dama wa madarar gwangwani da wannan ruwa, jininsa yana iya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa ruwan ba ta cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Burtsatsen da ke kusa da gidan mai, ko garejin da ake zubar da baƙin mai, ko wurin da ake fasa tsofaffin batura, tana bukatar a auna mata man fetur da dalma, ko da ba a ga komai ba.

Ko da tushen ruwa yana da kyau, tafiyar ba ta ƙare ba. Ruwan burtsatsen kasuwa yakan hau tankin sama, wanda wani tun da aka ɗora shi ba a taɓa leƙa cikinsa ba, murfinsa kuma iska ta daɗe da ɗauke shi. Daga nan ya bi tiyon da ke kwance cikin caɓi ya shiga jarkokin ɗan garuwa. Duk wanda ya haska fitila cikin tsohuwar jarkar garuwa zai ga koren gansakuka ya lulluɓe gindinta da kafaɗunta, inda hannu ba ya kaiwa, bakinta kuma an toshe shi da ledar da aka tsinta saboda murfin ya ɓata. Ɗan garuwa ba da mugunta yake yin haka ba, babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake wanke jarka da ruwan kulorin, kuma babu mai sayen da ya taɓa tambaya. A ƙarshe ruwan ya shiga randa ko baho, inda yaro da babba kowa ke tsoma moɗa har da yatsunsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya nuna girman wannan giɓi, domin an samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna cewa bayan gida ya shiga ruwa, a tushen ruwan fiye da kashi 75 cikin 100 na mutanen da aka auna wa, amma a ruwan da aka ɗebo daga abin shansu na cikin gida adadin ya kai kimanin kashi 90. Wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya ne, sai dai abin da yake nunawa ya shafi kowane gida, wato ruwa mai kyau yana lalacewa a hannunmu.

Ruwan leda ya samu karɓuwa ne saboda ya tsallake jarka da randa, kuma wannan fa'ida ce ta gaske. Lambar NAFDAC da ke jikinsa tana nufin an duba masana'antar an kuma gwada ruwanta a lokacin rajista. Ba ta nufin an gwada ledar da ke hannunka, ba ta kuma hana wani ya buga lambar da ba tasa ba. Yawancin masu wannan sana'a daga burtsatse suke ɗiba, saboda haka ingancin ruwansu ya rataya ne a kan ko suna canja matatansu a kan lokaci, da ko fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta tana aiki. Mai saye yana iya duba cikakken adireshin masana'anta da ranar da aka yi ruwan da ranar da zai lalace, ya kuma guji wanda aka jibge a rana. Sannan a tuna cewa da haƙori ake huda leda, bayanta kuwa ya sha hannun mai talla da ruwan ƙanƙarar da aka jiƙa ta a ciki.

Tantancewa ta gaskiya da ƙafa take farawa kafin a je ɗakin gwaji. Mutum ya tsaya a bakin rijiya ko burtsatse ya auna taku nawa ne zuwa masai mafi kusa, har da na maƙwabta, ya duba ta ina ruwan sama ke gangarowa, ko akwai ruwan da ke kwanciya a gindin famfo, ko daɓe ya tsage, ko akwai turken dabbobi ko bola ko marina a kusa, ya hau ya buɗe tanki, ya bi bututu ya ga inda ya ratsa kwata. Wannan shi ne aikin da duba-gari suke yi a da, lokacin da jin an ce suna unguwa yake sa a wanke randuna. A ganina wannan dubawa ta fi gwajin kwalba ɗaya amfani, domin gwaji yana faɗin halin da ruwa yake ciki ne a sa'ar da aka ɗiba, dubawa kuwa tana nuna abin da zai iya faruwa gobe idan aka yi ruwan sama. Wanda ya gwada ruwansa sau ɗaya a watan Maris ya rataye takardar har abada, daidai yake da ɗan kasuwar da ya soki buhu ɗaya a Dawanau ya sayi mota guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2004 ta karkata ga wannan fahimta, inda ta ce a riƙa bin ruwa daga tushe zuwa mai sha ana toshe kowace kafa, maimakon dogaro da gwajin ƙarshe kaɗai.

Duk da haka akwai abin da sai ɗakin gwaji. Najeriya tana da ƙa'idar ingancin ruwan sha da hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, kuma alƙalumanta sun yi kusa da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na farko a muhimmanci shi ne kada a samu E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100. Ana neman wannan ƙwaya ce saboda a hanjin mutum da dabba take zama, ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga, kuma duk hanyar da ta bi kwalara da taifot za su iya bi. Masu aikin sa ido sukan ɗauki 1 zuwa 10 a matsayin ƙaramin haɗari, 11 zuwa 100 matsakaici, abin da ya haura 100 kuwa babba. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, asenik ma haka, kuromiyom 0.05, fuloraid 1.5, ƙarfe 0.3, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Yawan lakar da ke yawo a ruwa kada ya wuce 5 a ma'aunin NTU, kuma dalilin wannan ya wuce kyan gani, domin ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin laka kulorin ya kasa kai musu. Ba dole ne a auna komai a kowane lokaci ba. Sabuwar burtsatse a yi mata cikakken gwaji sau ɗaya kafin a fara sha, daga nan E. coli da naitiret su ne za a riƙa maimaitawa, sau ɗaya da rani sau ɗaya a tsakiyar damina, sai a ƙara ƙarafa masu guba ga wanda ke kusa da masana'anta.

Yadda ake ɗibar samfur yana iya ɓata sakamakon gaba ɗaya. Robar lemon da aka ɗauraye ba ta yi, sai kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar wadda aka kashe ƙwayoyin cikinta. A bar famfo ya zuba na minti biyu ko uku, kada yatsa ya taɓa bakin kwalba ko cikin murfinta, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai ta cikin sa'o'i shida, in ya yi tsanani kada ta wuce kwana ɗaya. Idan dalma ake nema daga bututun gida, ruwan farko na safe wanda ya kwana a bututu shi ake ɗiba. Ya fi kyau a kai kwalba biyu, ɗaya daga tushe ɗaya daga randa, domin bambancin da ke tsakaninsu shi zai nuna inda ɓarnar take. A Kano akwai ɗakin gwajin ingancin ruwa na ma'aikatar ruwa ta tarayya, hukumar ruwa ta jiha tana da nata, jami'o'i irin su Bayero ma suna da kayan wannan aiki.

A nan ya kamata a yi hattara da wasu masu tallar na'urar tace ruwa, waɗanda sukan tsoma wani ɗan abu mai kama da biro a kofi su nuna lamba, ko su sa ƙarafa biyu masu wuta a ruwan ya koma ja ko baƙi, su ce ga dattin da kake sha. Biron yawan narkakken gishiri kawai yake aunawa, bai san ƙwayar cuta ba, launin kuma daga jikin ƙarfen da suka tsoma yake fitowa.

Tsarin da ake da shi ya raba aiki: hukumar ruwa tana auna abin da ta tace, NAFDAC tana kula da ruwan leda da na roba, NESREA da aka kafa a 2007 tana bibiyar abin da masana'antu ke zubarwa, jami'an lafiyar muhalli kuma suna sa ido a ƙananan hukumomi. Wanda ya fi zamewa a tsakanin waɗannan shi ne mai burtsatsen da ke sayar wa 'yan garuwa, alhali shi kaɗai yana iya shayar da gidaje ɗaruruwa, wato ƙaramar hukumar ruwa ce a cikin lungu. Da za a fara gyara daga wuri ɗaya, nan ya kamata a fara. A wajabta masa gwaji sau biyu a shekara, a liƙa sakamakon da kwanan watansa a jikin bangon da ake layin ɗiba, a sa kulorin a tankinsa gwargwadon cinsa, a kuma ware wurin wanke jarkoki kafin a cika su. Idan aka raba kuɗin gwajin a kan jarkokin da yake sayarwa cikin wata shida, abin da zai hau kan kowace ɗaya ba zai taka kara ya karya ba. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai, waɗanda da yawansu su ne ke riƙe da burtsatsen sadaka, suna iya fara wannan ba tare da jiran doka ba.

Idan sakamako ya fito ba daɗi, matakin da za a ɗauka ya danganta da abin da aka samu. In ƙwayoyin cuta ne, a gyara kafar da suke shigowa, a wanke rijiya ko tanki da kulorin mai ƙarfi, a zubar da ruwan, a sake gwadawa bayan mako biyu. Kafin nan a riƙa tafasa na sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin na gida bisa awon da aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka su sa ruwa ya yi haske, amma ba sa kashe ƙwayoyin cuta duka, saboda haka mataki ne na farko da ke bukatar na biyu. Ruwan da aka gyara a zuba shi a mazubi mai ƙaramin baki ko mai famfo a gindi, domin kada hannu ya sake shiga. In kuwa naitiret ne ko dalma ko kuromiyom suka haura iyaka, tafasawa da kulorin ba su da abin da za su yi, kuma na'urar da ke iya cire su tana da tsada tana kuma bukatar a riƙa canja mata kaya. A irin wannan hali ruwan ya koma na wanki da shara, na sha da na girki a nemo daga wani tushen da aka auna, a fara da na jarirai da masu juna biyu.